Gina Manhajar Jadawalin Darussa Zagaye-Zagaye: Misali Daga Ƙauran Namoda



A cikin takardun da akan manna a allon sanarwa na babbar makaranta, babu wadda ta kai jadawalin darussa yawan masu dubawa, babu kuma wadda ta kai ta shan gyara da biro. Ita ce ke faɗa wa ɗalibi inda zai kasance da ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ita ce kuma ke raba ɗakuna tsakanin malamai. In ta yi kyau ba mai tunawa da wanda ya tsara ta. In kuwa darussa biyu na wajibi suka faɗo a sa'a guda, ɗalibi ba shi da zaɓi sai ya bar ɗaya, wanda ya bari ɗin kuwa yana iya jawo masa ƙarin shekara a makaranta, da kuɗin makaranta da na abinci da na haya, a kan iyayen da watakila gero suka sayar suka turo shi. Saboda haka ne hukumomin makarantu ke ɗokin miƙa wannan aiki ga kwamfuta. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda ya kamata a tsara aikin gina irin wannan manhaja, da dalilin da ya sa gina ta zagaye-zagaye ya fi gina ta tashi ɗaya.

Kalmar manhaja ita kanta tana bukatar ɗan tsokaci. Tun da can malamai sun san ta da ma'anar tsarin abin da za a koyar. Daga baya masu aikin jarida suka are ta suka laƙaba wa jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. A nan ma'anonin biyu sun yi kiciɓis, domin manhajar kwamfuta ake so a gina don ta yi wa manhajar karatu hidima. Inda aka ambaci kalmar ita kaɗai daga nan gaba, ta kwamfuta ake nufi.

Misalin da za a riƙe shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, sa'ad da garin ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, shekara 13 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Nan ne ɗan Shinkafi da ɗan Badarawa da ɗan Zurmi ke samun babbar makaranta kusa da gida. Kamar sauran kwalejoji irinta, tana bin ƙa'idojin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedkwata a Kaduna: shekara 2 don ƙaramar difloma, shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan shekara 2 don babbar difloma, kowace shekara zango biyu. Karatun fasaha kuwa ba na alli da allo kaɗai ba ne. Akwai ɗakin gwaje-gwaje da ma'aikatar koyon aikin hannu, waɗanda ba su ɗaukar aji duka lokaci guda, sai an raba ɗalibai rukuni-rukuni. Akwai kuma darussan gama-gari, irin su Turanci da lissafi, waɗanda sassa da yawa ke tarayya a kansu.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan aikin minti biyar ne ga kwamfuta. Lissafi kaɗan zai nuna ba haka ba ne. A ɗauka ana karatu sa'a 8 a yini, kwana 5 a mako, watau gurbi 40. In darussa 10 kacal ake son zubawa cikin waɗannan gurabe, hanyoyin zuba su sun kai 40 a ninka da kanta sau 10, adadin da ya haura lamba 1 mai sifiri 16 a bayanta. Kwaleji kuwa darussanta ɗaruruwa ne. A 1967 wasu masana lissafi biyu a Ingila, Welsh da Powell, suka bayyana matsalar da siffa mai sauƙin fahimta: a ɗauki kowane darasi a matsayin ɗigo, a ja layi tsakanin ɗigo biyu in suna da malami ɗaya ko ɗalibi ɗaya, sa'an nan a shafa wa ɗigogin launi ta yadda biyun da layi ya haɗa ba za su sami launi guda ba. Kowane launi sa'a ɗaya ce. A 1976 kuma Even da Itai da Shamir suka tabbatar da cewa tsara jadawali yana cikin rukunin matsalolin da har yau ba a san wata gajeriyar hanya da ke warware su a kowane hali ba. Abin da manhaja ke yi shi ne lalube cikin dabara har ta sami jadawalin da za a iya zama da shi.

Amma duk da haka ba lissafin ne ke kayar da irin wannan aiki ba. Akwai ma manhajoji na kyauta da suka riga suka ɗauke wannan nauyi, kamar UniTime da aka raina a Jami'ar Purdue ta Amurka, da FET wadda wani ɗan Romaniya, Liviu Lalescu, ya rubuta. Abin da ke kayar da aikin shi ne sharuɗɗa. Wasunsu farilla ne: malami ba ya tsayuwa a aji biyu lokaci guda, ɗaki mai kujera 60 ba ya ɗaukar mutum 200, ba a sa lacca lokacin sallar Juma'a. Wasu kuwa mustahabbai ne: kada a jera wa aji ɗaya sa'a shida ba hutu, kada a sa darasi mai nauyi da tsakar rana a watan Afrilu. Farillan ana iya samunsu a rubuce. Mustahabban kuwa, da wasu farillan ma, suna cikin kan jami'in da ya shekara goma yana tsara jadawalin da fensir. Shi ya san malamin da ke zuwa daga Gusau ba ya isowa kafin ƙarfe goma. Shi ya san ɗakin da rufinsa ke yoyo da damina, da wanda ba ya shiguwa in babu wuta. In aka zaunar da shi aka ce ya lissafa dukan ƙa'idojinsa, zai kawo rabi, ba don ɓoyo ba, sai don sauran ba su faɗo masa sai ya ga an karya su. Gani ya kori ji. Wannan shi ne tushen hujjar gina manhaja zagaye-zagaye.

Tsohuwar hanya, wadda ake kamanta ta da ruwan da ke gangarowa daga dutse ba ya komawa sama, ita ce a rubuta dukan bukatu, a zana, a gina, a gwada, sa'an nan a miƙa. Akan danganta ta da maƙalar da Winston Royce ya gabatar a 1970, alhali shi da kansa a cikin maƙalar ya yi gargaɗi cewa bin matakan sau ɗaya tak kasada ce, ya ba da shawarar a fara gina na gwaji. A 1975 Basili da Turner suka bayyana hanyar fara ƙaramin abu mai aiki a riƙa faɗaɗa shi. Manhajar da kamfanin IBM ya rubuta wa kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, tsakanin 1977 da 1980, an gina ta ne cikin zagaye 17 a wata 31. A 1986 Barry Boehm ya ƙara da cewa kowane zagaye ya fara da abin da ya fi haɗari. Sa'ad da mutum 17 suka taru a Jihar Yuta ta Amurka a 2001 suka fitar da sanarwar da ta yayata wannan hanya a duniya, tsohon abu suka raɗa wa sabon suna.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Magidanci a karkara ba ya jiran sai ya tara kuɗin gida sukutum. Yakan ja katanga, ya gina ɗaki ɗaya ya shiga. Damina ta farko ita za ta nuna masa inda ruwa ke kwanciya, in rani ya yi sai ya gyara indararo kafin ya ƙara ɗaki na biyu. Sai dai a lura, tun ranar farko ya san inda zaure zai zauna da inda za a haƙa rijiya. Wanda ya ɗauka aiki zagaye-zagaye yana nufin aiki babu tsari bai fahimce shi ba.

To, yaya za a tsara aikin a kwaleji irin ta Ƙauran Namoda? Zagaye na farko, wanda bai kamata ya wuce mako uku ko huɗu ba, kada ya yi yunƙurin tsara jadawali ko kaɗan. A ɗauki sashe ɗaya, a shigar da jadawalin da aka riga aka yi da hannu, a sa manhajar ta nuna inda darussa suka yi karo. Aikin ƙarami ne, har wani babba zai iya raina shi, amma ribarsa biyu ce. Zai tilasta a gyara bayanai, domin a nan ne za a gano kwas ɗaya mai lamba biyu, da malamin da aka rubuta sunansa iri uku, da ɗakin da ke cikin takarda amma an daɗe da mai da shi ofis. Zai kuma sa jami'in jadawali ya ga manhajar a matsayin mataimaki, ba kishiya ba. In ya juya mata baya, aikin ya mutu ko da an biya kuɗinsa.

Bayan haka sai a bi shawarar Boehm a tunkari abin da ya fi wuya, watau ɗaliban da suka faɗi wani kwas a bara suke maimaita shi bana. Ɗalibin da ke shekara ta biyu yana kuma bin darasi a shekara ta ɗaya shi ne ke ja layi tsakanin ɗigogin da ake zaton ba abin da ya haɗa su, shi ne kuma jadawalin hannu ya fi mantawa da shi, tun da ba shi da yawan da zai yi ƙara a ji. Manhajar da ba ta san da shi ba, ƙawata takarda kawai ta yi. Sai an shawo kan wannan za a shiga rabon ɗakuna, da darussan gama-gari, daga bisani a ba manhajar dama ta kawo nata jadawalin a aza kusa da na hannu a gwada. Shafin da ɗalibi zai duba a wayarsa, wanda shi ne aka fi son nuna wa manyan baƙi, yana iya jira har ƙarshe.

A ƙarshen kowane zagaye a zauna da mutanen da abin ya shafa, jami'in jadawali da shugaban sashe da wakilin magatakarda da wakilan aji, a nuna musu abin da ke aiki, ba rahoto ba. Abin da suka ce shi zai sake jera ayyukan zagaye na gaba. Jarrabawa ta gaskiya kuwa sau biyu take zuwa a shekara, a makon farko na kowane zango, don haka wajibi ne a riƙe jadawalin takarda a gefe har manhajar ta ƙetare zango biyu lafiya.

Akwai abubuwan da wurin kansa ke shar'antawa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wasu yankuna suka yi makonni da yawa babu waya babu intanet. Manhajar da ba ta motsi sai ta tuntuɓi wata na'ura a Legas ko Turai, a irin wannan hali ba ta da amfani. Dole ta iya aiki a kwamfuta ɗaya cikin ofis, ta kuma iya buga takardar da za a manna. Kalandar karatu ma ba ta tsayuwa wuri ɗaya: an rufe makarantu a Maris na 2020 saboda annobar korona, yajin aikin malaman kwalejojin fasaha na 2013 zuwa 2014 ya ci watanni, azumi kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana taɓa darussan yamma. Ranakun zango da sa'o'in yini su zama abin da akawu zai iya canzawa da kansa, ba sai an kira wanda ya rubuta manhajar ba.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure, wurin da gizo ke saƙa shi ne kwangila. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da al'adar ofis duka sun fi sabawa da abin da ake iya ƙayyadewa tun farko, kamar buhun siminti da kujeru. In aka rubuta kwangilar manhaja da wannan salo, ɗan kwangila zai gina abin da takarda ta ce, ya karɓi kuɗinsa, duk wata ƙa'ida da ta ɓullo daga baya kuma ta zama sabon ciniki. Abin da ya fi shi ne a raba biyan kuɗi bisa zagaye, kowane biya ya rataya ga abin da aka gani yana aiki, a kuma rubuta cewa hukuma na da ikon tsayar da aikin bayan kowane zagaye ta riƙe abin da aka gama. In lokaci ya ƙure, a rage buri, kada a ƙara ma'aikata; Fred Brooks ya nuna tun 1975 cewa tura sababbin hannuwa cikin aikin manhaja da ya makara ƙara masa makara yake yi, domin tsofaffin za su bar aiki su koma koyarwa.

Haɗarin wannan hanya shi ne aikin da ba ya ƙarewa, kowane zama a kawo sabon buri. Maganinsa a ƙayyade yawan zagaye tun farko, a kuma naɗa mutum ɗaya, ba kwamiti ba, wanda zai ce wannan ya shiga, wancan ya jira. In kuwa ɗaliban kimiyyar kwamfuta aka sa cikin aikin, abin da ke da kyau ƙwarai don sun san ciwon daga ciki, a tuna cewa bayan shekara 2 za su tafi. Rubutun manhajar da bayaninta da mabuɗanta su zauna a hannun ma'aikacin dindindin na kwalejin, a kuma sa sunan ofishinsa cikin takardar kwangila tun kafin a fara zagaye na farko.