Karan Ɗori a Teburin Kwastam

 Yau za mu taɓo wani ɗan ƙaramin kaya da kan tsayar da kwantena guda a tasha, wato abin tallafe hannu da likitan ƙashi ke ɗaura wa wanda ya karye ko ya yi targaɗe, tun daga tsintsiyar hannu har zuwa kusa da gwiwar hannu.

Duk wanda ya taɓa zama gaban maɗori ya san aikin kashi biyu ne. Akwai kara, akwai tsumma. Kara shi ke hana ƙashi motsi, tsumma kuwa riƙe karan yake yi. Ku riƙe wannan, domin a kansa maganar tamu take.

Kowane kaya da ya ƙetare iyaka yana da lamba. Hukumar Kwastam ta Duniya, mai hedikwata a Brussels ta ƙasar Beljiyam, ita ke kula da kundin lambobin da ake kira HS, wanda ya fara aiki a 1988, kuma ƙasashe fiye da 200 ke amfani da shi. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne ko'ina, daga Guangzhou har Apapa. A Najeriya ana ƙara huɗu su zama goma, bisa tsarin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Lambar da kayanka suka faɗa ita ke yanke maka matakin.

To ina abin tallafe hannu yake faɗawa? A babi na 90 akwai lamba 9021, gidan kayan gyaran ƙashi, inda sandunan guragu, gaɓoɓin roba da na'urar taimaka wa ji suke. A ƙarƙashinta, 9021.10 ita ce ta kayan ɗori da tallafe gaɓa. Ƙa'ida ta shida ta babin ta ce dole kayan ya zama mai hana nakasa ko gyara ta, ko mai riƙe wani sashen jiki bayan ciwo, tiyata ko rauni.

Amma kama da wane ba ta wane. Ƙa'idar farko ta wannan babin ta fitar da duk abin tallafi na yadi wanda matsewar robarsa kaɗai ce ke aiki. Irin wanda ake zurawa kamar safa ya matse hannu, ko da an rubuta masa sunan asibiti da manyan baƙaƙe a kwali, kwastam za ta tura shi sashen yadi, galibi lamba 6307. Idan kuwa a cikinsa akwai ƙarfen alminiyam ko roba mai tauri da aka lanƙwasa daidai da hannu, ga maɗaurai da ake saitawa har hannu ya kasa juyawa, to ya cancanci 9021. Wanda 'yan wasa ke sawa don kare hannu daga bugu kuwa, gidansa daban, yana babi na 95 tare da kayan wasanni. Kun ga ke nan jami'in kwastam tambayar maɗori yake yi: wannan kara ne, ko tsumma?

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan ja-in-ja. A 2002 sai da maganar ta kai gaban Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanin Lohmann na Jamus, kan abubuwan tallafe tsintsiyar hannu, gwiwa da ƙugu. Kotun ta ce a duba abin da aka ƙera kayan da shi, da yadda yake aiki, da ko ana iya saita shi daidai da larurar majiyyaci. Da haka ake bambanta shi da bandeji na yau da kullum.

Yanzu mu yi lissafi. A ƙaddara Alhaji ya yi odar kayan naira miliyan goma, ya tsara cinikinsa a kan kashi 5, wato dubu ɗari biyar. Aka buɗe kwali a tasha, jami'i ya matsa kayan ya ji babu ƙarfe, ya mayar da su matakin kashi 20. Haraji ya koma miliyan biyu, ga kuɗin ajiya na hawa kullum. A ƙarshe wa zai biya? Majiyyacin da ya fito daga asibitin ƙashi na Dala da takardar likita a hannu.

Don haka, tun ran gini tun ran zane. Kafin ka buɗe takardar shigo da kaya ta Form M a banki, sa kamfanin ya aiko maka da samfuri da takardar bayanin kayan: me ke ciki, da me aka yi shi, wace larura yake magancewa. Yanke samfurin ka gani da idonka. A takardar kaya kada a rubuta "abin hannu" kurum, a fayyace cewa yana da ƙarfe mai hana motsi. Masu ƙarfe da marasa ƙarfe, kowane a ba shi layinsa da lambarsa. Ka tabbatar lambar da ke kan Form M ita ce a kan takardar tantance kaya ta kwastam, wato PAAR, kada ka bar wa ejan komai, domin sunanka ne a takardar. Ka kuma nemi rajistar NAFDAC, tunda kayan asibiti ne. In har yanzu kana shakka, Hukumar Kwastam ta Najeriya tana da tsarin neman hukunci a rubuce kan lambar kaya tun kafin su taso. Matambayi ba ya ɓata.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a nema.