ADDU'AR UBANGIJI: GADON DA MUKA TARAR



Cikin shekara 50 ɗin nan da muka yi a Sabon Gari, limamai sun zo sun tafi, an sake rufin majami'a, an sake kujeru. Abin da bai sake ba shi ne Addu'ar Ubangiji, wadda ke cikin Matiyu 6:9-13 da Luka 11:2-4. Amma yanzu muna jin waɗansu matasanmu suna cewa wai haddace addu'a al'adar Katolika ce, mai bi na gaske sai dai ya faɗi abin da ke zuciyarsa.

Gaskiya ne Katolika sun riƙe ta hannu biyu, amma tun kafin rarrabuwar ɗarikoki take. Wani tsohon littafi, Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya umarci masu bi su yi ta sau uku a yini. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a 258 saboda bangaskiyarsa, ya lura cewa duk roƙon da ke cikinta na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. A zamanin dā, sai mai neman baftisma ya kusa shiga ruwa ake danƙa masa ita, kamar yadda ake ba ɗa mabuɗin gida.

Daga baya, sufayen Turai sukan karanta Zabura 150. 'Yan'uwansu da ba su iya karatu ba sai su yi Addu'ar Ubangiji sau 150 a maimakon haka, suna ƙirgawa da igiya mai ƙulle-ƙulle. Wannan yana cikin tushen carbin Katolika, wanda ƙungiyar Dominikan ta yaɗa. Su ne kuma, daga Amurka, aka ba aikin yankin Sakkwato a 1953, har ya zama dayosis a 1964 ƙarƙashin Bishop Edward Lawton.

Ba mu bi su wajen roƙon Maryamu ba, mun kuma san gargaɗin Matiyu 6:7 a kan maimaici marar ma'ana. Amma ba a ƙone rumbu don ɓera. Martin Luther da kansa ya sa addu'ar nan cikin ƙaramin katakisim ɗinsa na 1529, domin iyaye su koya wa yara. Mu ma haka aka yi mana. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Wusasa ya sha wahala a kai, amma da yawa cikin iyayenmu ba su iya karanta shi ba. Da ka suka ɗauki wannan addu'a, ita suka yi a gona, a asibiti, a bakin kabari.

Ku tuna da watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bayan kwana biyu aka farfasa tagogin babbar majami'ar Katolika ta Holy Family. Mai jifa bai tambayi ɗarikar kowa ba. A kwanakin nan yawancinmu mun rasa kalmomin kanmu, wannan addu'a ce ta rage a bakinmu. Da muka iso kan roƙon gafara, harshe ya yi nauyi. Shi kaɗai ne kuwa roƙon da Yesu ya koma ya yi bayaninsa, a aya 14 da 15. Da an bar mu da abin da ke zuciyarmu kawai, wa zai ambaci gafara a ranar?

Za mu rufe sujadar yau da ita, da Hausa, a hankali. Baƙinmu Katolika sun saba dakatawa kafin yabon ƙarshe, gama a sujadarsu Fada yakan sa wata gajeriyar addu'a a tsakani, kuma yabon ba ya cikin mafi daɗewar rubuce-rubucen Matiyu na Helenanci. In mun iso wurin, mu ɗan jira su, mu ƙarasa tare.