Laimar Teku a Cikin Ɗaki, da Tekun da ya Taɓa Rufe Wurno



An nemi in yi magana a kan wata halitta da Turawa ke kira jelifish, wadda wasu mutane a Turai da Amurka da Japan ke kiwo a cikin ɗakunansu. Da ya ke siffarta kamar buɗaɗɗiyar laima ce mai tuntaye, zan kira ta laimar teku. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan mutumin Wurno da halittar teku? To, a yi mini haƙuri, amsar na tafe.

Ita dai wannan halitta ba kifi ba ce. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Duk da haka tana iyo, tana farauta da 'yan ƙayoyin dafi da ke jikin tuntayenta, kuma irinta ya haura shekara miliyan 500 a duniya. Wadda aka fi kiwo ita ce mai kama da farin wata, domin harbinta ba ya cutar da mutum ƙwarai, saɓanin wata mai siffar akwati a tekun Ostireliya, wadda ke kisa.

Mai son ajiye ta a gida yana da sharuɗɗa huɗu. Na farko, mazubi. Akwatin gilashin da a ke zuba kifi ba zai yi ba, don kuwa ba ta da ƙarfin iyo, sai ta maƙale a kusurwa ta yage. Dole mazubin ya zama kewayayye, da ɗan injin da ke juya ruwan a hankali dare da rana. Ko kumfar iska ba a so, domin idan ta shige ƙarƙashin laimar tana iya huda ta.

Na biyu, ruwa. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, kuma gishirin miya ba zai maye gurbinsa ba. Akwai haɗi na musamman da a ke narkawa cikin tataccen ruwa. Kafin a saka ta, sai an bar mazubin ya yi makonni yana aiki, har ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazanta su zauna. Bayan haka kowane mako a canza wani kaso na ruwan. Wanda zafi ya tsotse kuwa, da ruwa marar gishiri a ke cike shi, tun da gishirin ba ya bin tururi.

Na uku, abinci: ƙananan jatan-lande waɗanda mai kiwon zai riƙa ƙyanƙyasa da kansa daga ƙwai, kullum ta Allah. Na huɗu, sanyi. Ba ta jure ruwa mai ɗumi, mu kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40. Ke nan sai da injin sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa. Bayan duk wannan ɗawainiya, ran laimar da wuya ya wuce shekara guda.

Saboda haka shawarata a fili ta ke. Wanda ba shi da wutar sola mai batir, kada ya ɗauko rai ya azabtar don ado. Ya fara da karfasa ko tarwaɗa daga gulbin Rima, ya sami littafi yana rubuta abin da ya gani kowace rana. Sannu ba ta hana zuwa. Kada kuma a raina irin wannan lura: daga jikin wata laimar teku Osamu Shimomura ya fitar da sinadari mai haske, wanda masu bincike ke amfani da shi wajen bin sawun abin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008 tare da wasu mutum biyu.

Yanzu ga amsar da na yi alkawari. Jama'a, ƙasar nan da mu ke takawa gindin teku ce. Kimanin shekara miliyan 70 da su ka wuce, wani reshen teku ya ratso inda Sahara ta ke a yau, ya malale wannan yanki. Masana duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar da ya bari sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. A 1930 wani Bature mai suna Swinton ya yi bayanin ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai kama da guza da aka tono a lardin Sakkwato. A 1972 masana daga Italiya, ƙarƙashin Azzaroli, su ka ba shi suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina ma, wadda a ke yin siminti da ita a Sakkwato, tarin ɓawon halittun teku ce. Jiki mai laushi irin na laimar teku da wuya ya bar alama a dutse, amma ƙashi da haƙori da ɓawo suna nan a tuddanmu.

To, ga abin tambaya. Sunan Goronyo yana cikin littattafan kimiyya na duniya, amma yara nawa ne a makarantun Wurno da Rabah da Goronyo aka taɓa gaya musu haka? Ku da za ku zama malamai da jami'an ƙananan hukumomi, wannan aikinku ne. Idan manomi ko mai haƙar rijiya ya tono baƙon ƙashi, a rubuta inda aka same shi da zurfin ramin, a kai wa masana duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kada a sayar ko a jefar. Kowace makaranta kuma ta keɓe ɗan kabad na irin waɗannan duwatsu, domin gani ya kori ji.

Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, gari ne da aka san shi da karatu tun ƙarni na 19. Ya kamata mu ƙara da karatun ƙasar da garin ke zaune a kanta.