Wiwin da Ake Zuƙa da Wiwin da Ake Ci



A watan Maris na 2014, wata biyu da 'yan kwanaki bayan an fara sayar da wiwi a kantuna bisa doka a jihar Colorado ta Amurka, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya samu biskit ɗin da aka kwaɓa da wiwi a birnin Denver. A kanti an ce a raba shi gida shida, a ci ɗaya. Ya ci ɗayan, ya jira, shiru kake ji. Sai ya cinye sauran. Bayan 'yan sa'o'i ya fita hayyacinsa, ya faɗo daga hawa na huɗu na otal, ya rasu.

Abin da ya yaudari yaron nan shi ne jinkiri, kuma a nan bambancin zuƙa da ci yake. Sinadarin da ke bugarwa a wiwi, wato THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance a Isra'ila a 1964, idan aka zuƙe shi yakan bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin mintuna kaɗan. Mayen ya kai ƙololuwa kafin rabin sa'a, ya lafa bayan sa'a biyu zuwa huɗu. Mai zuƙa yana jin abin da ke shigarsa nan take.

Mai ci kuwa tafiyar makaho yake yi babu sanda. Lomar za ta sauka ciki, ta bi hanji, sannan jini ya kai sinadarin hanta. Can hanta ke sauya wani kaso nasa zuwa 11-hydroxy-THC, wanda ke ratsa ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, ya yi bugu mai nauyi. Wannan tafiya kan ci rabin sa'a zuwa sa'a biyu, musamman idan ciki a cike yake. Mutum ya ɗauka bai ci da yawa ba, ya ƙara. Sai na farko da na biyu su taso masa tare, kuma mayen na iya kai sa'a goma sha biyu: bugun zuciya, firgici, amai, gane-gane.

Likitoci a wani asibitin jami'a a Colorado sun bi bayanan masu zuwa sashen gaggawa saboda wiwi. Sun iske kusan kashi 10 cikin ɗari daga wiwin ci ne, alhali bai kai kashi 1 cikin ɗari na THC ɗin da aka sayar a jihar ba. Colorado ta ƙayyade miligiram 10 na THC a kowace loma. Kanada, da ta buɗe kasuwar wiwin ci a 2019, ta sa miligiram 10 a ƙunshi gaba ɗaya.

Kada mai zuƙa ya ji daɗi. Hayaƙin wiwi na ɗauke da kwalta da gubobi da dama irin na sigari, yana jawo tari da majina na dindindin, kuma duk hanyoyin biyu na iya kai mutum ga kamuwa da jarabar wiwi.

Amma yara ƙanana su ne abin tausayi. A Amurka, rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci alewa ko biskit masu wiwi sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Yaro alewa ya gani, alewa ya sha.

A Nijeriya, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da wiwi miliyan 10.6, hukumar NDLEA ta sha kama masu sayar da kek da biskit masu wiwi. Waɗannan kayan babu awo, babu rubutu a jiki. Wanda ya gasa ma bai san adadin da ke cikin kowane yanki ba. Uwa ta saba sansanar rigar ɗanta, malamin makaranta ya saba leƙa bayan aji neman hayaƙi, amma kek ba ya tona asirin kowa. Yaron da aka gani yana layi, ko ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci, a faɗa wa likita ƙarfe nawa ya ci shi.