Tukunyar Dumama Ruwa Bayan Ambaliya

A watan Agustan 2017, guguwar Harvey ta cika unguwannin birnin Houston na Amurka da ruwa. Da ruwan ya janye, magidanta suka tarar da tukunyar dumama ruwan wanka mai aiki da gas tsaye a gareji, tamkar lafiyarta ƙalau.

Haɗarin kuwa yana ciki. Laka da tsatsa kan shiga bawul ɗin gas, su hana shi rufewa sosai. Gas ya riƙa yoyo, tartsatsi ɗaya ya tayar da gobara. Murhun tukunyar da ya toshe kuma yakan fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera tukunyar suke gargaɗin kada a kunna ta bayan ambaliya. A rufe gas, a kira ƙwararre, a sauya tukunyar ɗungurungum.