Zaɓen Haruffa Masu Kauri Don Kanun Labarai da Tambari



Maganarmu a yau a kan haruffan nan ne dogaye, masu kauri, matsattsu, waɗanda ake buga kanun labarai da allunan talla da su. Ƙarancin fili ne ya haife su. Shafin jarida ba ya ƙaruwa, mai sayarwa kuma yana so mai wucewa ya hango labari daga nesa. Sai masu zanen haruffa suka rage musu faɗi, suka ƙara musu tsayi da nauyi. A Amurka, Morris Fuller Benton ya zana Alternate Gothic a 1903 don wannan buƙata. A Ingila, Geoffrey Lee ya fito da Impact a 1965, wanda daga baya ya shiga kusan kowace kwamfuta. Oswald na Vernon Adams, da ake samu kyauta a Google Fonts tun 2011, jikan Alternate Gothic ne da aka gyara don allon kwamfuta da waya.

To, da wane ma'auni za mu zaɓa? Na farko, a duba cikin harafi. Idan aka matse shi fiye da kima, ramin da ke cikin haruffan a, e da o yakan toshe, kalma ta dunƙule. Na biyu, a san inda za a yi aiki da shi. Bebas Neue, alal misali, manyan baƙaƙe kaɗai gare shi. Ya dace da suna ko gajeren take, amma doguwar jimla da shi tana gajiyar da ido. Na uku, kada a ja harafi da hannu a kwamfuta don ya shiga fili, domin hakan yana ɓata daidaiton kaurinsa. A nemi wanda aka zana matsattse tun asali.

Ma'auni na huɗu shi ne ya fi damuna, domin namu ne. Yawancin waɗannan haruffa an zana su ne don harsunan Turai, babu ƙ, ɗ, ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan suka ɓace, kwamfuta takan aro siririn harafi daga wani salon ta cusa a tsakiyar masu kauri, ko mai aiki ya cire lanƙwasar, ƙafa ta koma kafa. Tambarin kamfani yakan yi shekaru a jikin kaya da motoci, kuskuren kuwa yana tafiya tare da shi, yara suna koyon rubutu daga gare shi.

Saboda haka, kafin ku amince da kowane salo, ku rubuta cikakken take na Hausa mai ɗauke da dukkan haruffa masu lanƙwasa, manya da ƙanana. Ku buga shi a takarda, ku liƙa a bango, ku ja da baya ku karanta. In ya gaza, ku bar shi komai kyansa, ko ku biya gwani ya zana abin da ya rage, in lasisinsa ya yarda. Ɗalibanmu masu koyon zane kuwa, wannan fage ne da ke jiranku.