'Ya'yanmu da Darasin Motsa Jiki

Allah ya sake kawo mu ranar zagayowar kafa ƙungiyarmu, mun gode masa.

Kafin a raba riba, akwai maganar da ta dame mu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. To, ku leƙa makarantar unguwarmu ranar motsa jiki: malama ɗaya, yara sun haura ɗari, ƙwallo ɗaya tak. Maza su kwashe ƙwallon, 'yan matanmu kuwa su zauna gindin darbejiya har a kaɗa ƙararrawa. Haba jama'a!

Mun zauna da malamar. Dabararta ita ce a raba yaran gida biyar: langa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, gudu, ƙwallo. In ta busa usur su sauya wuri, kowa ya taɓa. Sai dai mutum ɗaya ba ya iya lura da gida biyar.

Don haka masu ɗinki su haɗa mana ƙwallayen tsumma, asusu ya sayi igiya, mu kuma mu riƙa zuwa biyu-biyu muna taya ta. Mai hali ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi.